Gidansu na kan taya: yadda direbobin albasa ke rayuwa a Kwadaso

Duk wanda ya shiga kasuwar albasa ta Kwadaso, a yammacin birnin Kumasi na ƙasar Gana, da sanyin asuba, kafin ya ga buhu ko ɗaya zai fara cin karo da mutane kwance a ƙarƙashin manyan motoci. Wani ya shimfiɗa tabarma tsakanin tayoyi ya ɗaura gidan sauro a jikin ƙarfen bodi, wani ya riga ya tashi yana alwala da buta, yaron mota kuma yana fifita gawayi don ɗora shayi. Waɗannan bayin Allah su ne direbobi da yaran mota da ke kawo mana albasa daga Jamhuriyar Nijar. Galibinsu suna da iyali a Galmi ko Madawa ko Ƙonni ko Tawa, amma idan aka lissafa kwanakin shekara za a tarar kwanan da suke yi a mota ya fi wanda suke yi a ɗakunansu.

Mu 'yan kasuwa mun saba tambayar direba abu biyu kawai: yaushe za ka iso, kuma kaya lafiya? Ba kasafai muke tambayar inda ya kwana ko abin da ya ci ba. Alhali kuwa jarinmu kacokan yana bisa motar da shi ke kwana a ƙarƙashinta.

Mota ce ɗaki, ita ce madafa

Daga Galmi, garin da albasarsa ta yi suna a duk Afirka ta Yamma, zuwa Kumasi tafiyar ta haura kilomita 1,500. Bayan an ratsa Burkina Faso a shigo Gana ta Paga ko ta ɓangaren Bawku, sai Bolgatanga, Tamale, Kintampo da Techiman. Idan hanya ta yi kyau kwanaki kaɗan ne, idan kuwa ta ƙi, sai a yi makonni. Ko an iso ma ba a gama ba, domin sai an jira layin sauke kaya, a jira dillalai su tattaro kuɗi, sannan a shiga neman lodin komawa, tunda babu mai motar da zai yarda motarsa ta koma arewa fanko.

A duk tsawon wannan lokaci babu wutar lantarki ta gwamnati, babu famfo, babu kuɗin ɗakin haya. Saboda haka kowace mota tana tafe da kayan zamanta. A akwatin ƙarfen da ke gefen bodi ake ajiye tukunya da kurfoti da gawayi, da shinkafa, taliya, garin rogo, mai da yaji. Jarkokin ruwa na ɗaure a bayan kan mota, ɗaya ta sha da girki, ɗaya ta alwala da wanka. Tamfol ɗin da ke rufe kaya shi ne rumfa idan rana ta take, shi ne kuma laima idan ruwan Kumasi ya sauko, wanda ke zuwa kashi biyu a shekara, mai yawa daga wajen Afrilu zuwa Yuli, sannan wani daga Satumba zuwa Nuwamba.

Wuta ita ce ta fi canzawa a 'yan shekarun nan. Manyan motoci suna aiki ne da batura biyu masu bolt 12 da aka haɗa suka ba da 24, kuma direban da ya yi kwanaki yana jan cajin waya da rediyo da fitila daga jikinsu ba tare da tayar da inji ba, yana iya wayar gari mota ta ƙi tashi. Tayar da inji don caji kuwa ƙona gas ne a banza. Shi ya sa ƙaramin faranti mai amfani da hasken rana, wato sola, ya samu shiga: a ɗora shi bisa kan mota da rana, da dare ya kunna ƙwai ɗaya ya cika wayoyi. A shekarun da Gana ta sha fama da ɗauke wuta, abin da mutanen ƙasar suka laƙaba wa suna dumsor, wanda ya yi ƙamari a 2015, wanda ke kwana a mota da 'yar solarsa ya fi wasu masu gida samun haske. Ita kuma waya ta zama aljihu, domin tun da MTN ya fara hidimar tura kuɗi ta waya a Gana a 2009, direba ya rage yawo da damin kuɗi a jikinsa.

Gadon fatake

Idan mai karatu ya duba da kyau zai ga wannan rayuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kalmar zango da ake kiran unguwannin Hausawa da sauran Musulmi da ita a Gana, asalinta masaukin ayari ne. Kakanninmu fatake sun riƙa tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ƙarƙashin jagorancin madugu, suna watanni a hanya kafin su kai Salaga su sayi goron ƙasar Asante. Bayan yaƙin basasar da ya watsa Salaga a 1892, da kuma shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896, kasuwar ta gangaro kudu, zangon Kumasi ya bunƙasa. Shi kansa Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goron wannan ƙasa ya fara kafa dukiyarsa.

Abin da ya riƙe ayari a wancan zamani shi ne tsarin mai gida. Baƙo ya sauka a hannun mai masauki, shi zai ba shi wurin kwana, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ba da bashi, a ƙarshe ya ɗauki la'adarsa. Jaki ya koma tirela, goro ya samu abokin tafiya albasa, amma tsarin yana nan. Direban da ya iso Kwadaso yana da wanda zai kira tun yana Techiman, kuma wannan mutum ne zai tsaya masa idan rigima ta taso da 'yan dako ko da hukuma. Idan magana ta fi ƙarfinsu akwai shugabannin kasuwa, akwai limamai, akwai kuma sarakunan zango.

Tsakanin direbobin su kansu ma akwai ƙa'idojin da ba a rubuce suke ba amma kowa ya san su. Ba a cin abinci a ɓoye. Motoci uku ko huɗu kan haɗa tukunya ɗaya, wannan ya kawo shinkafa, wancan ya kawo mai, yaran mota su yi girki bi da bi. Idan wasu sun tafi masallaci ko cikin gari, dole wani ya zauna gadi. Wanda motarsa ta lalace a daji ba a wuce shi sai an tsaya an ji matsalarsa, a ba shi aron jak ko taya ko jarkar gas. Idan gyaran babba ne, Kumasi na da Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera da masu sayar da kayan gyara wadda ke cikin mafi girma a Afirka, kuma ɗan'uwa ne zai raka baƙo wurin wanda ba zai cuce shi ba. Idan rashin lafiya ce ko rasuwa, sai a zagaya da hula kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba. A Amurka akwai dubban mutane, da yawansu dattawa da kuɗin haya ya fi ƙarfinsu, da suka mayar da motocinsu gidaje. Duk hunturu sukan taru a hamadar Quartzsite ta jihar Arizona suna koya wa juna haɗa sola da gyaran mota, har aka yi fim a kansu mai suna Nomadland wanda ya ci kyautar Oscar a 2021. Su ma da suka rasa gida, junansu suka koma wa. Bambancin kawai shi ne namu direbobin suna ɗauke da abincin miliyoyin mutane a bayansu.

Ranar da zumunci ya gaza

Sai dai zagayawa da hula tana aiki ne idan mutum ɗaya ya shiga matsala sauran suna tsaye. Idan matsalar ta faɗa wa kowa lokaci guda fa? Mun ga haka lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Mun sake gani bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, lokacin da ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi aka rufe iyakoki. Motoci suka yi cirko-cirko a bakin iyaka, albasa ta riƙa ruɓewa a cikin buhu, farashinta ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin Gana, guzurin direbobi kuma ya ƙare baki ɗaya. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, sannan Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Ga kuma rashin tsaro a Burkina Faso, wanda ya sa a wasu hanyoyin sai motoci sun taru sun jira rakiyar sojoji. Kowace rana ta jira, abinci ne da ruwa da gawayi daga aljihun direba.

Akwai kuma haɗarin da ke cikin zaman kansa. Mutumin Sahel da ya kwana a waje cikin damunar Kumasi ba gidan sauro, zazzaɓin cizon sauro na jiransa. Wanda ya shiga da kurfoti cikin kan mota ya rufe gilashi saboda sanyi ko ruwa, hayaƙin gawayi marar wari na iya kashe shi cikin barci. Wanda ya kwanta ƙarƙashin mota ba a sa wa taya waigi ba, ya sa ransa a hannun birki. Sannan da yawa daga cikinmu ba su san cewa katin inshorar ƙetare iyaka na ECOWAS, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda aka ƙirƙiro a 1982, yana biyan diyyar wanda mota ta yi wa ɓarna ne kawai ba. Ba ya biyan maganin direba, ba ya biyan albasar da ta lalace.

Abin da ya rage gare mu

A ganinmu, lokaci ya yi da wannan zumunci zai samu asusu. Mun san adashi, mutanen Gana kuma sun san susu, don haka ba wani sabon ilimi ake nema ba. Idan ƙungiyoyin 'yan albasa da na direbobi suka amince a cire wani ɗan abu ƙayyadadde a kan kowace mota da ta sauke kaya, a rubuta a littafi, a sa amintattu uku su riƙe, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a, to ranar da iyaka ta rufe ko direba ya kwanta asibiti ba sai an bi mutane ana roƙo ba. Haka kuma ya kamata kuɗin kwanakin jira ya shiga cikin cinikin dako tun a Galmi, don kada direba ya ci bashi ko ya taɓa kuɗin gas.

Na biyu, shugabannin kasuwa su tunkari hukumar gundumar Kwadaso da murya ɗaya a kan abubuwa uku: ruwan sha, makewayi da wurin wanka, da fitilu a inda motoci ke kwana. Kasuwar da ake karɓar haraji a cikinta ta cancanci wannan, kuma tsabtar wurin amfanin mazauna unguwar ne su ma.

Na uku ya rataya ne a wuyan kowane ɗayanmu. Gidan sauro ɗaya, jarka mai tsabta da 'yar sola ba su kai kuɗin buhun albasa biyu ba. Mai kayan da ya saya wa direbansa waɗannan, ya kuma kira shi ya ce, “Malam, ya hanya, kun samu abin da kuka ci?” kafin ya tambayi buhunansa, ya kare dukiyarsa ne da hannunsa. Allah ya kai matafiya gida lafiya, ya sa albarka a kasuwa.