Handawut da Ɗalibin da Ba Ya Gani

A jami'o'in Nijeriya, kaso mafi tsoka na karatun da ɗalibi ke kwasa a zango yana isa gare shi ne ta takardun da malami ke tsarawa, waɗanda aka fi sani da handawut, sai kuma abin da aka rubuta ko aka haska a allo yayin lacca. An gina wannan tsari gaba ɗaya a kan zaton cewa kowane ɗalibi yana gani, yana ji, kuma hannunsa yana iya bin saurin bakin malami, alhali a cikin ajin akwai makafi da masu raunin gani, akwai kurame, akwai kuma waɗanda wata lalura ta hana su riƙe biro na tsawon lokaci.

Ta fuskar doka, an yi nisa. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu, ta kuma haifar da hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu a 2020. Hukumar JAMB ma, a zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa wani kwamiti a 2017 ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola domin shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a ta hanyar da ta dace da su. Sai dai waɗannan matakai sun fi ƙarfi a bakin ƙofa, domin gangaren da aka gina wa mai keken guragu abu ne da baƙo ke gani ya yaba, amma takardar da ba ta karantuwa babu mai lura da ita sai wanda ta gagara.

Makaho yana karatu ne ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce rubutun Braille, wanda Bafaranshen nan Louis Braille ya ƙirƙira a 1824, inda ake tsara ɗigogi shida masu tudu ta fuskoki 63 domin a shafa da yatsa, kuma makarantar makafi ta Gindiri da ke Jihar Filato, wadda aka buɗe a 1953, tana cikin wuraren farko da aka koyar da shi a ƙasar. Rubutun yana da nauyi da tsada, tun da shafi ɗaya na bugun tawada yakan cinye shafi biyu zuwa uku na takarda mai kauri. Hanya ta biyu, wadda ɗaliban yau suka fi dogara da ita, ita ce manhajar karanta allo, wato manhajar da ke furta duk rubutun da ke fuskar kwamfuta ko waya da murya. Daga cikin irin waɗannan manhajoji, JAWS ta kuɗi ce, NVDA kuwa, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka samar tun 2006, kyauta ce, kuma wayoyin zamani suna zuwa da nasu, TalkBack ko VoiceOver.

A nan ne matsalar handawut take. Manhajar tana karanta haruffa ne, ba ta karanta hoto, saboda haka idan malami ya buga darasinsa a takarda, aka yi fotokwafinsa sau da yawa, sannan wakilin aji ya ɗauki hoton shafukan da waya ya tura zauren WhatsApp a matsayin PDF, abin da ya isa ga makaho bai bambanta da farar takarda ba. Akwai fasahar da ke gane haruffa daga cikin hoto ta mayar da su rubutu, amma tana tuntuɓe a kan shafin da ya dusashe ko ya karkace ko aka yi masa gyara da biro, ga shi kuma sai an sami mai ido ya bi ta layi-layi. Abin mamaki shi ne, ainihin fayil ɗin da malamin ya rubuta yana nan a kwamfutarsa, kuma tura shi kai tsaye ba ya cin ko kwabo. Idan an tsara kanun darasin da alamomin kanu na manhajar rubutu, maimakon a ƙara wa haruffa girma kawai, ɗalibin zai iya tsallakawa daga babi zuwa babi yadda mai ido ke buɗe littafi, ba sai ya saurari shafi 40 kafin ya kai inda yake nema ba.

Masu nazarin Hausa suna da ƙarin wahala tasu. Tsofaffin nau'o'in haruffan kwamfuta irin su Rabi'at, waɗanda suka yi wa ɗab'in Hausa hidima sosai, sun ɗora haruffa masu lanƙwasa ne a kan gurbin wasu alamomi kamar baka, ta yadda ido ke ganin ƙ da ɗ da ɓ, manhajar kuwa tana furta sunan alamar da ke ƙarƙashi. Rubutu da tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa, shi ke kawar da wannan cikas.

Lissafi da zane sun fi wuyar sha'ani. Abraham Nemeth, wani makaho malamin lissafi a Amurka, ya fito da tsarin rubuta lissafi da Braille a 1952, kuma taswira ko jadawali ana iya buga su da layuka masu tudu, amma mafi sauƙi shi ne malami ya rubuta jimla biyu ko uku da ke bayyana abin da zanen ke nunawa, ya kuma daina cewa “wannan a kan wancan” yana nuna allo.

Game da littattafan da aka wallafa, tsoron keta haƙƙin mallaka ya daɗe yana ɗaure hannun ɗakunan karatu, a duniyar da ƙasa da kashi 10 cikin 100 na littattafai ne ake samu a sigar da makaho zai iya karantawa. Yarjejeniyar Marakesh ta 2013, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2017, ta halatta mayar da littafi zuwa Braille ko sauti ko manyan haruffa ba tare da neman izinin mai shi ba, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shigar da wannan sassauci cikin dokokin ƙasa. Abin da ya rage shi ne lokaci, domin littafin da aka gama mayarwa mako biyu kafin jarrabawa ya zama ihu bayan hari, kuma ɗakin karatu ba zai iya fara aikin da wuri ba sai sashen da ke koyar da kwas ya miƙa jerin littattafansa tun kafin a dawo hutu.

Kurame kuwa buƙatarsu ta sha bamban. Yaren hannu da ake koyarwa a makarantun Nijeriya ya samo asali ne daga na Amurka, ta hannun Andrew Foster wanda ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, kuma ya bambanta da maganar hannu ta kuramen ƙasar Hausa, sannan nahawunsa ba irin na Ingilishi ba ne. Ɗalibin da idonsa ke kan tafintan yaren hannu ba zai iya duƙawa ya rubuta ba tare da ya rasa jimlar da ke biye ba, shi ya sa ba shi darasin a rubuce kafin lacca ke da muhimmanci, haka ma tafintan yana buƙatar ganin kalmomin fannin tun da wuri domin shi da ɗalibin su daidaita alamun da za su yi amfani da su. Duk bidiyon da za a haska a aji kuma ya kamata ya zo da rubutun maganganun a ƙasansa, wanda mutum ya duba ya gyara, domin wanda na'ura ke fitarwa da kanta yakan kwafsa a kan lafazin Ingilishin Nijeriya da kalmomin kimiyya.