Hayaƙin Ɗakin Girki: Fankar Da Aka Saita Wa Yanayin Turai Ba Ta San Bazarar Garwa Ba

Duk wanda ya leƙa bayan wani gidan abinci a Mokolo ranar Laraba, ranar da kasuwa ke ci, ya san irin wahalar da masu girki ke sha. Tun da asuba ake hura wuta, ga suyar ƙosai da kifi, ga gashin nama, kuma kafin azahar bangon ɗakin ya yi baƙi, idanun kuku sun yi jawur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2. Idan uwargida mai girki sau biyu a yini tana cikin haɗari, ina ga wanda ke tsaye gaban murhu daga safe har dare?

Wannan ne ya sa manyan otal-otal da wasu gidajen abinci a Garwa da Marwa ke kafa rumfar ƙarfe a saman murhu, mai bututu da fanka da ke zuƙe hayaƙi da tiriri zuwa waje. Na zamani daga cikinsu suna zuwa da ɗan ma'aunin zafi, siririn ƙarfe kamar tsinken tsire, da ake sakawa a bakin bututun. Da zarar zafi ya kai adadin da aka saita masa, sai ya tayar da fanka da kansa, idan wuta ta mutu wuri ya huce kuma ya kashe ta. A Amurka ƙa'idar gine-gine ta tanadi cewa fankar ta tashi cikin minti 15 da kunna murhun farko, ko da kuku ya manta da makunni.

To, a nan gizo ke saƙar. Akasarin waɗannan na'urori a Turai ko Amurka ake ƙera su, kuma sau da yawa masana'anta kan saita su a kan digiri 30 zuwa 32 na ma'aunin Selshiyas, domin a can ɗakin da ya kai wannan zafi lallai an kunna wuta a cikinsa. A Garwa kuwa, da ke kwance a kwarin Binuwai, iskar Allah kanta kan wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Sai ma'aunin ya ɗauka girki ake yi dare da rana, fanka ta yi ta juyawa ba hutu, kuɗin wuta ya hau, injin ya gaji. Daga nan sai mai gida ya fusata ya sa a cire wayar gaba ɗaya, an koma gidan jiya ke nan.

A Mokolo, da ke kan duwatsun Mandara, matsalar takan juyo ta ɗaya gefen. Idan an ɗaga saitin saboda bazara aka bar shi haka har hunturu, lokacin da sanyin asuba ke sa mutane jin wuta, bututun zai daɗe bai yi zafi ba. Kafin fanka ta farka ɗaki ya cika da hayaƙi. Inda ake aiki da gawayi abin ya fi muni, domin yana fitar da iskar guba marar launi marar wari, mai fara wa mutum da ciwon kai da jiri, ta kuma iya kai shi lahira a rufaffen ɗaki.

Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ga abin da ya kamata mai gyara ya yi, bayan ya yanke wuta daga na'urar. Da farko ya goge ma'aunin, saboda maiƙon da ya daskare a jikinsa kamar bargo yake, yana hana shi jin zafi da wuri. Sannan ya duba da wane ma'auni na'urar ke lissafi: 90 a Faranhait daidai yake da 32 a Selshiyas, kuma wanda ya sa 90 a na'ura mai lissafin Selshiyas zai sha jira kafin fanka ta motsa. Bayan haka ya auna zafin ɗakin kafin a hura wuta, ya saita tashin fanka digiri 5 zuwa 8 sama da wannan, a kunna murhu ɗaya a duba agogo. Idan kwata ta wuce shiru, a rage. A kuma ba ta 'yan mintoci tana aiki bayan an kashe wuta, don kada ta riƙa tashi tana mutuwa. Wannan aiki sau biyu ake yinsa a shekara, a farkon bazara da farkon hunturu.

Wanda ya fi dacewa da ƙasarmu shi ne mai ma'auni biyu, ɗaya a bututu ɗaya a bangon ɗaki, nesa da tanda da hasken rana. Shi bambancin da ke tsakanin biyun yake dubawa, saboda haka ko bazara ko hunturu ba ya ruɗewa. Wasu ma sukan rage gudun fanka idan girki ya yi sauƙi. Ribar ba kaɗan ba ce: fankar da aka rage wa kashi 20 cikin 100 na gudunta kusan rabin wuta take sha. A yankin da ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo tun 1982, inda ruwa kan ja baya a shiga rabon wuta, mai tayar da janareto ya san darajar wannan.

Sai dai saiti ba ya wanke bututu. Maiƙon da ke taruwa a ciki makamashi ne, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ƙa'idar kashe gobara ta Amurka ta ce inda ake girki da itace ko gawayi a duba bututu kowane wata. Kuma iskar da fanka ta fitar sai wata ta shigo ta maye gurbinta. Idan an toshe tagogi saboda ƙura, fanka za ta yi ta kuka hayaƙi na nan daram.

Mun san yawancin masu tuwo-tuwo da masu tsire a Mayo-Tsanaga ba su da wannan na'ura. Su ma darasin ya shafe su: a buɗe wa hayaƙi hanya ta sama, a bar wa iska ƙofa ta ƙasa, a kakkaɓe kunkunniya kafin ta yi kauri. Muna kira ga masu otal da gidajen abinci, duk ranar da za a kafa musu rumfar hayaƙi, su tsare mai aikin ya nuna wa kuku inda ake saitin, ya kuma rubuta adadin a manna a bango. Allah Ya tsare mu da gobara da cutar hayaƙi, amin.