Taswirar Aiki: Wace Ce Ta Fi Tona Asirin Jinkiri A Kamfani?

A farkon shekarun 1980, kamfanin motoci na Ford da ke Amurka yana da akawu fiye da 500 waɗanda ba su da wani aiki sai biyan masu kawo masa kaya. Shugabanni na shirin rage su zuwa 400, sai suka leƙa kamfanin Mazda na Japan, suka tarar mutum 5 kacal ke wannan aiki. Ko da yake Mazda bai kai Ford girma ba, ratar ta wuce misali. Da aka bi diddigi, ashe yawancin lokacin akawun yana ƙarewa ne wajen daidaita takardu uku da ba su cika yin daidai da juna ba: takardar odar kaya, da ta karɓar kaya, da ta neman biya. Aka soke ta ukun, ma'aikatan sashen suka ragu da kashi 75 cikin ɗari. Michael Hammer ne ya bayyana wannan labari a 1990.

Ba a gano irin wannan ɓarna sai an zana tafiyar aiki a takarda, kuma hanyoyin zanen suna da yawa.

Tsohuwa daga ciki ita ce wadda Frank Gilbreth da matarsa Lillian suka gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin Amurka a 1921. A 1947 ƙungiyar ta tsayar da alamomi biyar: da'ira don aiki, kibiya don ɗaukar kaya, murabba'i don dubawa, sai alamar jira da ta ajiya. Amfaninta shi ne ko masinja zai iya karanta ta, kuma nan take takan nuna sau nawa fayil ya kwana a tire. To, amma fa idan ayyuka biyu na tafiya lokaci guda, sai ta rikice.

Hanyar da kamfanin DuPont ya fito da ita a 1957 lokaci ta sa a gaba. Takan nemo jerin ayyukan da idan ɗaya ya makara, duka sun makara. Ta dace da gini ko gyaran masana'anta, ba aikin ofis mai maimaituwa kullum ba.

Wadda ta fi su zurfi ita ce ta Bajamushe Carl Adam Petri, ta 1962. Ana kwatanta aiki da gurabe da 'ya'ya masu matsawa daga gurbi zuwa gurbi, tamkar dara. Da yake lissafi ne tsantsa, ana iya tabbatar da ko akwai inda aiki zai cije, wato ma'aji na jiran sa hannun manaja, shi kuma manaja na jiran takardar ma'aji. Sauran hanyoyin ba su ba da wannan tabbaci. Illarta ɗaya: ɗan kasuwa ba ya gane ta sai da tafinta.

Tsarin BPMN, wanda ya fito a 2004 aka sabunta shi a 2011, ƙoƙari ne na haɗa sauƙi da zurfi. Yakan ware wa kowane sashe kunyarsa kamar a gona, har a ga daidai inda takarda ke ƙetarawa daga hannu zuwa hannu, wurin da jinkiri ya fi yin sheƙa. Kwamfuta ma na iya karanta shi ta gudanar da aikin. Sai dai alamominsa sun yi yawa ainun, galibin masu amfani da shi kaɗan suke ɗauka su bar sauran.