Zafi da damshi: Abin da ke cinye ƙarfin harsashi a Maiduguri

A daren 30 ga Afrilu zuwa wayewar garin 1 ga Mayu, 2025, ƙarar fashe-fashe daga Barikin Giwa ta hana mazauna Maiduguri runtsawa, har da dama suka ɗauka hari ne. Daga bisani rundunar Operation Hadin Kai ta bayyana cewa tsananin zafi ne ya sa wasu makamai da ke ajiye suka tashi.

Darasin bai tsaya ga sojoji ba. Tun da aka kafa 'yan kato da gora a 2013, su da maharba suke taya jami'an tsaro gadi, kuma rayuwarsu na iya rataya a kan harsashi ɗaya.

Harsashin kamfani da aka adana wuri mai sanyi, busasshe, yakan yi shekara goma ko fiye bai lalace ba. Amma garin da zafinsa kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu yana gaggauta tsufansa, domin zafi na cinye sinadaran da ke hana hodar cikinsa ruɓewa. Damshi ma abokin gaba ne: albarushin bindigar gargajiya na tsotsar laima, kuma duk harsashin da ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ta jiƙa bai cancanci a dogara da shi ba, ko da ya bushe.

Wanda ake yawo da shi kullum ya fi saurin gajiya, saboda gumi, ƙura, man bindiga da yawan sakawa da cirewa. Shi ya sa masu horar da harbi kan ba da shawarar sauya shi duk wata shida zuwa shekara. Tsatsa ko kore-kore a gindinsa, kumburi da tsagewar roba alamu ne cewa lokacinsa ya wuce.

Idan aka ja kunama bai tashi ba, a bar bakin bindiga yana fuskantar inda ba kowa, a jinkirta kafin buɗewa, don yakan tashi a makare. Lalataccen harsashi kuwa ba a jefa shi a wuta ko juji, inda yara ke tsince-tsince. A miƙa shi ga 'yan sanda, waɗanda lasisin riƙe bindiga ke bi ta hannunsu ƙarƙashin Dokar Bindigogi ta 1959.