Hoton Ƙirji Kaɗai Ba Ya Yanke Hukuncin Tarin Fuka

A Kankiya da Kusada da ƙauyukan da ke kewaye, idan tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, shawarar da aka fi bai wa mai shi ita ce: "A je a yi hoto." Shawarar tana da kyau, domin hoton ƙirji yakan nuna ɓarnar da ke cikin huhu tun kafin jiki ya yi tsanani. Matsalar tana tasowa ne wajen karatun hoton. Sai ka ga hoto ɗaya ya zaga hannu uku: mai kemis ya ɗaga shi sama ya ce tarin fuka ne, wani ma'aikacin ya ce limoniya ce, na uku ya ce babu komai. Majinyaci ya rasa maganar wa zai kama, ga kuɗi na tafiya, ga cuta na ci.

Wannan saɓani ya daɗe, kuma har ƙwararru bai bari ba. Tun a shekarun 1940 binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa likitocin da suka goge a karatun hoto sukan saɓa wa juna a kan hoto guda. Har ma idan aka sake miƙa wa likita hoton da ya taɓa karantawa, yakan sauya magana a kusan ɗaya cikin biyar. Dalili kuwa shi ne hoto inuwa yake nunawa, ba ya nuna ƙwayar cutar. Limoniya, da ƙurar da masu fasa dutse ke shaƙa, da sankarar huhu, da tabon tsohon ciwo, duk suna iya barin inuwa mai kama da ta tarin fuka, a yi ta yi wa rogo kallon kitse. Haka kuma mai ɗauke da cutar ƙanjamau yana iya kamuwa da tarin fuka amma hotonsa ya fito kamar lafiya lau.

Saboda haka gwajin kaki ne ke tabbatar da cutar. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana gano ƙwayar cutar cikin kamar awa biyu, tana kuma faɗa idan irin mai bijire wa maganin rifampicin ce. Duk wanda aka ce hotonsa ya nuna alama, to ya tambaya: "Ina zan kai kakina?" A Najeriya wannan gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin da ke ƙarƙashin shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta na ƙasa. Mutum zai iya farawa da tambayar sashen tarin fuka a Babban Asibitin Kankiya ko asibitin gwamnati mafi kusa da shi, ko ya kira lambar 3340, wadda ba a cajin kuɗi. Ƙananan yara da ba sa iya fitar da kaki, a wurinsu hoto ya fi nauyi, amma likita ne zai haɗa shi da alamomin jiki da labarin ko akwai mai tari a gidan.

Wani haɗarin kuma yana zuwa ne bayan an fara magani. Maganin tarin fuka na yau da kullum wata shida ne: wata biyu ana shan haɗin magunguna huɗu, wata huɗu ana shan biyu. Wani da ya ji sauƙi a wata na biyu sai ya je ya yi sabon hoto, a ce masa huhu ya washe, ya ajiye magani. Wannan ita ce hanyar da cutar ke dawowa da ƙarfi, har ta daina jin magani. Wani kuma ya kammala wata shida ya warke sarai, amma tabo ya zauna a huhunsa har ƙarshen rayuwa. Bayan shekaru wanda bai san tarihinsa ba ya ga tabon, ya ɗora shi a kan maganin da ba ya buƙata. Abin da ake auna sauƙi da shi shi ne gwajin kaki a ƙarshen wata na 2 da na 5 da na 6, da ƙaruwar nauyin jiki.

Majinyaci da danginsa suna da rawar takawa. Lokacin ɗaukar hoto a cire laya da sarƙa da riga mai maɓalli, a ja numfashi sosai a riƙe kamar yadda aka umarta. Mace mai juna biyu ta faɗa tun kafin a fara. A tabbatar an rubuta suna da kwanan wata a jikin hoton, a kuma karɓi rubutaccen sakamako. A ajiye hoto a ambulansa, kada a naɗe shi, kada a bar shi a rana ko danshi. Duk lokacin komawa asibiti a tafi da tsoffin hotuna da katin magani, domin sai an jera tsoho da sabo ake gane ko inuwar ta ƙaru, ta ragu, ko tana nan yadda take. Idan da hali, a riƙa yin hoto a wuri ɗaya. Ɗaukar hoton da waya a tura wa wani ɗan'uwa ta WhatsApp ba ya maye gurbin ganin likita.

Akwai ci gaba a wannan fanni. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da manhajar kwamfuta mai karanta hoton ƙirji wajen tantance 'yan shekara 15 zuwa sama, kuma ƙungiyar KNCV ta yi amfani da irinta a motocin gwaji na tafi-da-gidanka a Kano. Amfaninta shi ne ma'auni ɗaya take yi wa kowa, ba gajiya ba gaggawa. Duk da haka, wanda ta ga alama a hotonsa wajen gwajin kaki ake tura shi.

Kankiya gari ne da ke da makarantar horar da ma'aikatan lafiya, don haka bai kamata a riƙa kai hoton huhu shagon magani neman fassara ba. Wanda ya yi mako biyu yana tari, ko yana rama da zufar dare da zazzaɓi, ya je asibiti, ya ba da kaki, ya adana hotunansa, kuma kada ya fara magani ko ya daina sai da umarnin ma'aikacin da ke riƙe da katinsa.