Yawon Ƙafa a Duwatsun Adar: Dajin da Hannu Ya Dasa

In ana zancen magangarar ruwa, hankalin Bahaushe yakan tafi Gurara a Jihar Neja, ko Matsirga kusa da Kafanchan, ko kuwa Timiya can cikin duwatsun Abzin. Gundumar Keita ta jihar Tawa ba ta cikin wannan jeri. Ba ta da babban gandun daji irin na W da aka keɓe tun 1954, ba ta kuma da ruwa mai zuba rani da damina. Amma wanda ya taka ƙafa tsakanin Garhanga, Tamaske da Ibohamane zai ga abin da wuya a same shi wani wuri: daji da mutane suka dasa da hannunsu a kan faƙo.

Ƙasar Adar, inda Keita take, tudu ce mai duwatsu, kwaruruka sun tsattsaga ta. Hawan bai fi ƙarfin yaro ko dattijo mai lafiya ba, muddin an bi turbar makiyaya. A wasu gangaren ana tsintar burbushin halittun ruwa manne cikin farin dutse, shaidar cewa teku ya taɓa rufe yankin miliyoyin shekaru da suka wuce.

Da damina duwatsun kan farka. Ruwan sama na sauka, sai ka ji rugugi daga bisa, ja-wur ɗin ruwa ya gangaro ta tsagogi yana faɗawa cikin ƙorama. Kafin yamma ya ɗauke. Wannan ruwa da ke ƙayatar da baƙo shi ne ya daɗe yana zaizaye gonaki.

Shi ya sa a 1984, lokacin babban fari, aka soma Aikin Keita da kuɗin Italiya, tare da hukumar FAO da shirin abinci na duniya, PAM. Mata ne suka fi yawa a fagen aikin, ana biyansu da cimaka. Sun ɗauko duwatsu a ka, sun jera shingaye, sun haƙa ramukan tare ruwa a jikin tsauni, aka kuma gina madatsun ruwa. An dasa itatuwa wajen miliyan 18. Yau mai yawo yana ratsa bagaruwa da dakwara a inda da ko ciyawa ba ta fita.

Wanda bai son hawa sai ya nufi fadamar Majiya a gundumar Buza. Tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka soma dasa layukan dogon yaro don tare iska. Tafiya ce a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inuwa a kai, gonaki dama da hagu.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga kaka zuwa tsakiyar ɗari, da sassafe. A riƙe ruwan sha, a sa takalmi mai ƙwari. A fara gaida mai gari, a tambayi halin tsaron hanya, a nemi ɗan jagora. In hadari ya haɗu, kada a kuskura a shiga ƙorama ko da busasshiya ce, domin ruwan da ya sauka nesa yakan iso ba sallama.

Ya kamata malaman makarantun Keita, Buza da Madawa su riƙa kai ɗalibai su ga aikin kakanninsu da idonsu. Duk wanda ya je kuma, ya bar kowane dutse a shingensa, kada ya sari ko reshe ɗaya.