Shanyewar Ɓarin Jiki: Aikin da Ke Gaban Majinyaci Bayan An Sallamo Shi

Mu ɗauka ga wani dattijo a garin Ƙofa, cikin Ƙaramar Hukumar Kusada, ya tashi alwalar asuba sai buta ta suɓuce masa, bakinsa ya karkace, magana ta sarƙe. An kai shi Babban Asibitin Kankiya, ko kuma an wuce da shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Bayan 'yan makonni an sallamo shi da ƙullin magunguna. Iyali sukan ɗauka jinya ta ƙare, saura jiran ikon Allah. A haƙiƙa, a ranar ne babban aikin ya fara, kuma mafi yawansa a hannun majinyacin yake.

Ciwon ba a hannu ko ƙafa yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Idan jijiyar da ke kai mata jini ta toshe, ko ta fashe, ƙwayoyin halittar wannan wuri sukan fara mutuwa cikin 'yan mintuna. Da yake jijiyoyin saƙo suna gittawa a gindin ƙwaƙwalwa, rauni a ɓangaren hagu shi ke shanye jikin dama, kuma sau da yawa ya taɓa magana. Wannan ne abin da wasu ke kira shafar iska.

To, ta yaya hannun da ya shanye ke sake motsi? Ƙwayoyin da suka mutu ba sa dawowa. Sai dai waɗanda ke maƙwabtaka da su suna iya ƙulla sababbin mahaɗai, su karɓi wani ɓangare na aikin. Kamar hanyar ƙafa ce a cikin gona: wadda ake bi kullum takan fito fili, wadda aka daina bi ciyawa ta rufe ta. Sauƙi ya fi sauri a watanni 3 zuwa 6 na farko, ko da yake ba ya yankewa a nan.

Wani masani ɗan Amurka, Edward Taub, ya nuna haka da birai. Birin da aka yanke wa jijiyar ji ta hannu ɗaya yakan daina amfani da hannun gaba ɗaya, amma idan aka ɗaure mai lafiyar, sai ya koma yana aiki da mai raunin. Ashe rashin motsin ba duka ne daga rauni ba, wani ɓangarensa sabo ne. Ban ce a je a ɗaure hannun kowa a gida ba, wannan aikin likitan gashi ne. Abin da nake so ɗalibi ya lura da shi shi ne yadda tausayi ke iya zama cuta. A gidajenmu, da zarar babba ya kwanta, sai a ba shi abinci a baki, a sa masa riga, a hana shi ko da ɗaukar moɗa. Ladabi ne, babu shakka, amma kowace rana da aka yi masa haka an hana ƙwaƙwalwarsa darasi guda.

Taimakon da ya dace shi ne a bar shi ya zaɓi ƙaramin buri da kansa, wanda zai iya cimmawa cikin mako ɗaya: ya ja carbi da hannun mai rauni, ya ɓare gyaɗa kofi guda, ya taka daga ɗaki zuwa zaure da sanda. In ya cimma wannan, a ƙara gaba, har ranar da zai kai kansa masallaci. Mutumin da ya ga ci gaba da idonsa ya fi jure wa atisaye, kuma baƙin cikin da ke yawan kama masu wannan lalura yakan ragu. Mai kula da shi ya tsaya ta ɓangaren mai rauni, kuma kada ya kuskura ya ja shi ta wannan hannu, domin kafaɗar tana iya gocewa. Wanda bai iya juya kansa ba a riƙa juya shi duk bayan sa'o'i 2 saboda gyambon kwanciya. Abinci kuwa a zaune sosai, kaɗan-kaɗan, don kada ya ƙware.

Sai batun kare dawowar ciwon, domin wanda ya taɓa yi ya fi kowa haɗarin sake yi. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi ya jagoranta a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya bayyana a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin musabbabin ciwon a yankinmu, kuma masu cin ganye a kai a kai sun fi tsira. Zogale da rama da alayyaho ba su da wuyar samu a ƙasar Katsina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma a tuna cewa dunƙulen ɗanɗano ma gishiri ne mafi yawansa. Maganin hawan jini ba a barinsa don an ji sauƙi, domin hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna.

A nan ɗalibin sakandare ke da amfani. Ya sami littafin rubutu ya ja layi uku: awon jini, maganin da aka sha, da abin da majinyaci ya iya yi ran nan. Awon da ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama da haka, a nuna wa ma'aikacin lafiya. Idan kuwa baki ya sake karkacewa, ko hannu ya saki, ko magana ta rikice, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a jira gari ya waye. A rubuta lokacin da abin ya fara, a nemi mota zuwa asibiti.